Sana'ar Kanikanci: Daga Maƙera Zuwa Na'urar Gano Ciwon Mota

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda tumatir ko shanu daga Kano ko Maiduguri zuwa Legas ya san cewa ribarsa ba a hannun direba kaɗai take ba. Wani babban kaso nata yana hannun mutumin da watakila bai taɓa gani ba, wato bakaniken da ya duba motar kafin ta tashi. Idan aikinsa ya yi kyau, sai kaya su isa kasuwar Mile 12 da sauran ɗanyensu. Idan kuwa an yi ha'inci ko an yi kuskure, sai mota ta kwana uku a dajin Mokwa ko Jebba, kwandunan tumatir su zama ruwa, riba ta tafi, uwar kuɗi ta bi ta. Saboda haka maganar yadda ake horar da kanikawa magana ce ta kasuwanci tsantsa, kuma ta shafi mai tirela ɗaya kamar yadda ta shafi kamfanin da ke da motoci ɗari.

Abin da ya sa batun ya taso da ƙarfi a yanzu shi ne, motar da ke kan titunan Nijeriya ta sauya sarai cikin shekaru talatin da suka wuce, amma hanyar koyon gyaranta ba ta yi nisa da inda take tun zamanin Bedford da Peugeot 404 ba. Domin a gane yadda wannan giɓi ya samu, sai an koma baya kaɗan.

Lokacin da Karl Benz ya yi wa motarsa mai ƙafa uku rajista a ƙasar Jamus cikin 1886, babu wani mahaluki da ake kira bakaniken mota a duniya. Cikin watan Agusta na 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar tare da 'ya'yansu biyu, ta yi tafiyar da ta ɗara kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Man da ta zuba a hanya a kantin magani ta saya. Da sarƙar motar ta sami matsala maƙeri ne ya gyara mata, da katakon birki ya cinye kuma baduku ne ya manna masa fata. Wannan tafiya ta nuna waɗanda suka fara riƙe sana'ar: maƙera, masu gyaran keke, masu ƙera keken doki, da duk wanda hannunsa ya saba da ƙarfe. A wancan zamani ba sayen kayan gyara ake yi ba, ƙera su ake yi, domin kowace mota kusan ita kaɗai ce irin kanta.

Kamfanin Ford na Amurka ne ya sauya wannan al'amari. Motarsa samfurin T, wadda ta fito cikin 1908, an ƙera fiye da miliyan 15 nata kafin a daina cikin 1927, kuma kowane ƙarfe na jikin ɗaya yana shiga jikin ɗaya. Daga nan aikin bakanike ya tashi daga ƙira ya koma kwancewa da musanyawa. Kamfanoni suka fara buga littattafan gyara, suka naɗa wakilai masu gareji, suka kuma ƙayyade yawan sa'o'in da kowane aiki ya kamata ya ci, don a san abin da za a caji mai mota. Gwamnatoci ma suka shigo. Amurka ta yi dokar ba da kuɗi ga makarantun koyon sana'a cikin 1917, Ingila kuwa tana da cibiyar City and Guilds tun 1878, wadda daga baya jarrabawarta ta zama ma'aunin gwanintar ma'aikatan hannu a ƙasashen da ta mallaka, har da Nijeriya.

A ƙasar nan mota ta shigo ne a bayan jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano cikin 1911, kuma aikin farko na manyan motoci shi ne kwaso gyaɗa, auduga, koko da kwakwar manja daga ƙauyuka zuwa tasha. Motocin Ingila na farko sun yi wa hanyoyin burji nauyi, sai ƙananan motocin Amurka suka fi karɓuwa. Ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka shiga harkar shi ne W. A. Dawodu na Legas, wanda ya buɗe wurin gyara a farkon ƙarni na 20, daga baya ya zama dillalin motocin Amurka. Kanikawan farko sun fito ne daga ma'aikatar jirgin ƙasa, da Ma'aikatar Ayyuka, da garejin En'e-En'e, da kuma manyan kamfanonin ciniki irin su UAC, John Holt, SCOA, CFAO da Leventis, waɗanda kowannensu ke da sashen motoci da nasa 'yan koyo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yawansu ƙwarai. Dubban 'yan Nijeriya da aka kai Gabashin Afirka da Bama sun koyi tuƙi da gyaran mota a soja, kuma da suka dawo bayan 1945 da yawa daga cikinsu ba su koma gona ba. Wasu suka shiga aikin gwamnati, wasu suka sami inuwar bishiya a bakin hanya suka ajiye akwatin sufana. Ana iya cewa daga nan ne garejin bakin titi, kamar yadda muka san shi, ya kafu.

Tun daga lokacin aka sami hanyoyi biyu na koyon sana'ar, kuma har yau ba su haɗu sosai ba.

Ta farko ita ce ta makaranta. A ƙarƙashin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara cikin 1946, gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a Yaba, Enugu da Kaduna, daga baya aka ƙara wasu kamar ta Bukuru kusa da Jos. Cibiyar koyon fasaha ta Kaduna da aka buɗe cikin 1956 ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna cikin 1968. Ɗalibin irin waɗannan wurare yana koyon lissafi, zanen injiniya da ka'idar yadda inji ke aiki, sa'an nan ya zauna jarrabawar City and Guilds ko ta gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai matakai uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Takardar tana da daraja, domin da ita ake yanka wa mutum albashi. Amma waɗanda suka bi ta wannan ƙofa ba su taɓa yin yawa ba, kuma akasarinsu gwamnati da manyan kamfanoni ne suka kwashe su.

Ta biyu ita ce ta maigida da yaronsa, kuma ita ce ta yaye mafi yawan kanikawan ƙasar nan. Uba ko ƙanin uba ya kama hannun yaro ya kai shi gareji, ya damƙa shi amana. A ƙasar Yarabawa akan rubuta yarjejeniya a biya kuɗin koyo, a kuma yi bikin 'yanci ranar yaye. A wajen Ibo, musamman a cinikin kayan gyara, maigida ne ke sallamar yaro da jari bayan shekarun hidima. A Arewa sau da yawa babu takarda kuma babu kuɗi, sai dai mutunci da sanayya, yaro ya ci abincin rana a gareji, ya sami ɗan na sabulu idan aiki ya faɗo. Shekarar farko tana tafiya ne a wankin ƙarafa da fetur, miƙa sufana da zuwa aike. Sannu a hankali a bar shi ya kwance taya, ya sauya fulogi, ya sa hannu a birki, har ran da maigida zai ce ya sauke inji shi kaɗai. Ana iya yin shekara huɗu, ana iya yin bakwai. Babu ranar gamawa sai wadda maigida ya ga dama.

Bai kamata a raina wannan tsari ba. Ya ɗauki yaran da makaranta ta rufe wa ƙofa ya ba su abin yi, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba. Ya kuma haifar da wata irin gwaninta ta kunne da hannu wadda littafi ba ya bayarwa. Tsohon bakanike yakan ɗora sukuddireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya faɗa maka ko bawul ne ke ƙara ko kuwa metal ne ya cinye. Yakan dubi launin hayaƙi ya ce zoben fistin ya mutu. Rauninsa guda ne, amma babba: yaro ba ya wuce sanin maigidansa, kuma yana gadon kuskurensa tare da gwanintarsa. Ana nuna masa yadda ake yi, ba a cika gaya masa dalilin yi ba. Muddin mota ba ta sauya ba, wannan bai zama matsala ba.

Kuma lalle ta daɗe ba ta sauya ba. Shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo kuma ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata sayen ababen hawa, su ne zamanin da sana'ar ta fi samun natsuwa. Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki cikin 1975, sai Leyland a Ibadan, Mercedes-Benz a Enugu, Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Tun da gwamnati ta mayar da Peugeot motar aikinta, sai Fijo ta cika ƙasa. Wanda ya iya 404 ya iya 504, wanda ya iya 504 ba zai sha wuya da 505 ba. Kayan gyara iri ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin ta a Faransa. Masana'antun nan kuma suna da makarantun horarwa, kuma duk ma'aikacin da ya bar su ya buɗe gareji yakan tafi da tsarin aikin kamfani, ya koya wa yaransa.

A wannan zamani ne aka kafa hukumomin da har yau ke riƙe da ragamar horon sana'a. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedkwata a Jos, an kafa shi cikin 1971. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta biyo baya cikin 1977 a Kaduna. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 ya zo da niyyar kowane yaro ya taɓa kayan aiki tun a ƙaramar sakandare, aka kuma yi odar injuna daga waje saboda haka. Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikinsu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki kuma babu malaman da suka san su.

Shekarar 1986 ce ta karya wannan tsari. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP da kasuwar musayar kuɗi ta biyu, Naira, wadda a 1985 ta ɗan fi dala daraja, ta faɗi zuwa wajen Naira huɗu a kan dala ɗaya, kuma zuwa 1993 farashin gwamnati ya kai kusan Naira 22. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun harhaɗawa suka rage aiki, wasu suka rufe, makarantunsu suka bi su. Sai ƙasa ta koma ga motocin gwanjo daga Turai, waɗanda ake kira Tokumbo ko Beljiyam, suna shigowa ta Legas da Kwatano.

Ga kanikawa wannan ya zama kakar arziki, domin tsohuwar mota ba ta rabuwa da gareji. Kasuwannin kayan gyara suka bunƙasa: Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, daga baya Apo a Abuja. Sana'ar ta rarrabu gida-gida, ga mai inji, ga mai wayarin, ga mai bugun bodi, ga mai fenti, ga mai giya, ga mai famfon gas, ga mai na'urar sanyaya mota. Aka sami na Japan, na Jamus da na Faransa. Gwamnati ma ta amince cewa garejin bakin titi makaranta ce, domin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki cikin 1987, ta riƙa tura matasa wurin masu gareji tana biyan ɗan alawus. Cikin 1992 aka kafa hukumar jarrabawa ta NABTEB, ta karɓi jarrabawar sana'o'in hannu da a da ake yi da sunan City and Guilds.

Sai dai arahar inji na gwanjo ta kawo wata illa da ba a lura da ita da wuri ba. A da idan inji ya gaji, sai a sauke shi, a kai wa masu gurza silinda da karanshaf, a auna, a mayar da shi sabo. Da injin Beljiyam ya zama ya fi wannan aiki sauƙin kuɗi, sai aka koma cirewa da dasawa. Yara da yawa aka yaye su ba su taɓa riƙe ma'aunin kaurin ƙarfe ba.

Yayin da ake wannan a nan, can inda ake ƙera motocin wani abu dabam ke faruwa. Dokokin hana gurɓata iska, musamman wadda Amurka ta yi cikin 1970, sun tilasta wa kamfanoni rage gubar hayaƙi. Daga 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a cikin salansa. Matatun da suka biyo baya ba sa aiki sosai sai cakuɗin iska da fetur ya tsaya daidai ƙwarai, abin da ke da wuya kafireto ya tabbatar. Saboda haka aka maye gurbinsa da allurar fesa mai wadda kwamfuta ke sarrafawa, fasahar da kamfanin Bosch ya fara sa wa Volkswagen tun 1967. Kwamfutar tana karɓar rahoto daga 'yan na'urori masu auna zafin ruwa, yawan iskar da ke shiga, juyawar inji da abin da ya rage a hayaƙi, sa'an nan ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da wuta za ta tashi. Daga 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka dole ta zo da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu cikin 2001 ga motocin fetur, cikin 2004 kuma ga na gas.

Waɗannan motoci ne suka iso mu bayan shekara goma ko goma sha biyar, suka tarar da kanikawan da aka horar a kan kafireto da kwantak. A nan ne asarar masu motoci ta fara, kuma ya kamata a tsaya a dubi yadda take aukuwa, domin yawancinta ba mugunta ba ce, tsohon ilmi ne aka ɗora wa sabuwar mota.

Ɗauki misalin tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafin da ake bukata. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a yar, a ce na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. A tsohuwar mota illar ba ta fito fili ba. A sabuwa kuwa, kwamfuta tana ganin inji bai yi zafi ba, sai ta ɗauka yanzu aka tayar da shi, ta ci gaba da ƙara mai. Mota ta riƙa shan fetur fiye da kima, fulogi ya yi baƙi, bakin mai ya tsinke, inji ya tsufa da wuri. Mai motar haya da aka yi wa haka yana biyan kuɗin wannan kuskure kullum a gidan mai, bai kuwa sani ba.

Haka nan tsohuwar dabarar cire kan batir inji na aiki don a gane ko caja na bayar da wuta. A motar da ba ta da kwamfuta ba a ganin komai. A ta yanzu wutar na iya yin tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na aikin da aka zo yi sau da yawa. Yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba yana iya jawo irin wannan. Ga zuba bakin mai mai kauri a injin da aka ƙera da siraran hanyoyin mai. Ga zuba kowane irin jan mai a giya mai sarrafa kanta, alhali kowace iri da nata. Ga fasa matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi saboda kamanninta, a zazzage ta. Wani lokaci toshewa ta yi, wani lokaci kuwa sayarwa za a yi, domin tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Idan kuma fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa a gaban direba, sai a cire ƙwanta, wato an kashe ɗan aike don kada a ji saƙo.

Mafi tsada duka shi ne gyaran lalube. Mota na rawa, sai a ce fulogi ne, a saya. Ba ta daina ba, a ce famfon mai ne, a saya. Daga nan kwayil, daga nan nozul, har a kai ga cewa a sauke inji, alhali wata 'yar waya ce ta tsinke.

Zuwan na'urar bincike mai araha, har da wadda ake haɗawa da wayar hannu, ya rage wannan, kuma yanzu da wuya a sami babban gari da babu masu sa wa mota kwamfuta. Amma a nan ma akwai rashin fahimta. Na'urar ba ta cewa ga abin da ya lalace. Lamba take bayarwa, wadda ke nuna sashen da kwamfuta ta ga abin da bai yi mata daidai ba. Lambar P0171, alal misali, tana nufin iska ta yi wa mai yawa. Dalilin na iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfo ya yi rauni, ko ma'aunin iska ya yi datti. Rarrabe tsakaninsu sai wanda ya san ka'idar aikin inji, ya iya karanta taswirar wayoyi da Turanci, ya kuma iya aiki da mitar auna wuta. Abin da ake gani a wurare da yawa shi ne an raba aikin biyu: saurayi mai ilmin boko ya karanta lamba ya karɓi kuɗinsa, bakanike ya sauya abin da lambar ta ambata. Kowannensu yana riƙe da rabin sana'ar.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali sun sake fasalin horon ne gaba ɗaya. A Amurka an kafa hukumar ASE cikin 1972, mai ba da takardar shaida fanni-fanni, kuma takardar tana mutuwa bayan shekara biyar sai an sake jarrabawa. A Jamus, inda ɗan koyo ke raba makonsa tsakanin gareji da makaranta yana kuma karɓar albashi, an haɗe sana'ar bakanike da ta mai wayarin cikin 2003 aka mayar da su guda, horonta shekara uku da rabi. Tarayyar Turai tun 2002 ta wajabta wa kamfanonin motoci su buɗe bayanan gyara ga gareji masu zaman kansu, jihar Massachusetts ta Amurka ma ta kaɗa ƙuri'a a kan haka cikin 2012. Abin lura a tsarin Jamus shi ne, ba a kashe koyo a wurin maigida ba, ƙara masa aji aka yi. A ganin wannan sharhi, shi ne ya fi kusa da abin da Nijeriya ke da shi a ƙasa.

Akwai yunƙurin da ake yi ta wannan fuska. NBTE ta fito da tsarin matakan gwanintar sana'a na ƙasa, wanda ke ba da damar a auna abin da mutum ya iya da hannunsa a ba shi takarda, ko da bai zauna aji ba, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi haɗin gwiwa da masu sana'a na Panteka a kan haka. Hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, wadda aka samar cikin 2014 daga haɗewar hukumomi biyu, ta kafa cibiyoyin horarwa a sassan ƙasa, tana kuma aiki da ƙungiyar kanikawa ta NATA. Mata ma sun shigo, musamman ta shirin da Sandra Aguebor ta kafa cikin 2004. Amma horon mako ɗaya ko biyu da jakar kayan aiki a ƙarshe ba zai cike giɓin shekara talatin ba, kuma har yanzu kowa na iya kafa allo ya kira kansa injiniya ba tare da an tambaye shi takarda ba.

Abin da ke tafe ba zai yi haƙuri da lalube ba, domin kuskure a cikinsa rai yake ci. Bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da matsattsiyar iskar gas, wato CNG. Ana ɗura iskar ne a tukunya da matsin da ya kai wajen ba 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. Cikin Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a wurin ɗura iskar a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma hukumomi suka ce tukunyar ta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Motoci masu haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius da ta fara fitowa cikin 1997, sun riga sun shigo kasuwar gwanjo, batirinsu kuwa yana ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wayoyinsu masu launin ruwan goro gargaɗi ne ga wanda aka koya wa. Motar lantarki zalla, wadda aka fara harhaɗa irinta a Legas cikin 2020, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a kuma yi mata juyen bakin mai, wato ayyukan da ƙananan gareji ke ci da su kullum.

Saura tambayar wanda zai biya kuɗin sabon horon. Maigidan gareji yana tsoron ya sayi na'ura mai tsada ya tura yaro kwas, yaron ya dawo ya buɗe nasa wurin a tsallaken titi ya janye masa abokan ciniki. Yaron ba shi da kuɗin. Mai mota kuwa ya saba biyan kuɗin ƙarfe ba tare da musu ba, amma ya ga ƙyashin biyan kuɗin bincike, saboda ba a cire komai an nuna masa ba. Muddin sa'a biyu da bakanike ya yi yana bin waya da mita ba ta da farashi, zai fi masa riba ya ce a sayo sabon famfo. Wasu kamfanonin sufuri da na rarraba kaya sun fara warware wannan da kansu, ta hanyar ƙulla yarjejeniyar shekara da gareji ɗaya, da buɗe wa kowace mota littafin tarihin gyara, da kuma biyan kuɗin bincike dabam da na aiki. Kamfanonin da dokar ITF ta shafa suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansu kowace shekara, kuma dokar ta ba su damar karɓo wani kaso na kuɗin idan suka nuna shaidar horar da ma'aikatansu, ciki har da kanikawan da ke kula da motocinsu.